Faifan Da Ban Rufe Bakinsa Ba

Difa, ranar Talata, bayan azahar.

Zuwa ga ƴata Yagana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida gwaggonki Bintu da mutanen gidanta duka. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ruwan Damagaram ya karɓe ki, makarantar ɗinkin da kika tafi dominta ta zama alheri gare ki. Allah Ya tsare ki a fita da shiga, Ya tsare ki daga mota da babur, da mugun baki, da muguwar ƙawa.

Yau kwananki tara da tafiya. Kwana huɗu daga ciki na yi su ina wannan rubutu, don kin san hannuna. Da Barbarci na raine ki, amma da Hausa Madam Saratu ta koya mini baƙaƙe a makarantar manya, bayan furfura ta fara fito mini, saboda haka da Hausa za ki ji ni. Inda kika ga na soke na sake, ki yi haƙuri. Zan ba Malam Kyari mai kai tattasai ya kawo miki ita tare da wani ƙunshi. Kada ki kwance ƙunshin sai kin kai ƙarshen takardar.

A tasha na so in faɗa miki abin da ke cikin nan. Kin ga abin da ya fito daga bakina: sau uku ina tambayarki ko kin ɗauki maganin zazzaɓi, har kika ce, “Inna, ko in haɗiye shi duka yanzu ki huta?” Mutane suka yi dariya, ni ma na yi. Da motar ta ɗaga na dawo gida na tarar da kofi biyu na wanke na kife, kamar kullum.

Labarin gida ba wani abu. Abin da zan ba ki kurakuraina ne, ki riƙe su, kada ki sake sayen abin da na riga na saya da tsada.

Kin san Iya, kakarki, amma kin san ta ne tana tsohuwa a bukkarmu ta sansanin gudun hijira na Asaga. Ni na san ta da ƙarfinta, a ƙauyenmu gabas da Geskeru, lokacin da mata ke tahowa daga ƙetaren ruwa don faifanta. Tana da wata ɗabi'a da ke ba ni haushi. Ba ta fara sabon faifai sai ta je bakin kogin Komadugu ta zauna. Ba wanki, ba ɗiban ruwa, zama kawai. Ga kaba a jiƙe a gida, ga rini ya huce, ga masu jira a tsakar gida, ita kuwa tana can ta ɗora haɓa bisa gwiwa. In an aike ni kiranta sai in ce, “Iya, me kike nema a nan? Ruwan jiya ne fa.” Sai ta ce, “Ke Fanna, idon nan naki na kwalliya ne? Jiya ruwa bai kai gindin tsamiyar can ba. Zo ki ga yadda ya ci yashi ya bar masa haƙora.” Ni kuwa hankalina yana dandali wurin ƙawaye. Sai in ce to, in juya.

Na koyi riƙon basilla a wurinta. Na koyi jan kaba ta matse har ruwa ba ya wuce ta. Duk wanda ya ga ɗinkina ya san ƴar Iya ce. Amma shekara talatin ina ɗinka abin da na ga wasu sun ɗinka, ban taɓa fito da nawa ba, domin hannu kawai na ɗauka a wurinta, ban taɓa zama kusa da ita a bakin ruwan nan ko sau ɗaya ba. To ke, in malamanku sun nuna miki yadda ake yanka wuyan riga ko yadda ake haɗa launi, ki koya da kyau. Amma ki ƙara da tambayar da ban yi ba. Ki ce, “A ina kuka ga wannan?” Ko sun yi miki dariya, ki tambaya.

Akwai faifai ɗaya da Iya ba ta taɓa bayarwa ba, yana rataye bisa gadonta. Tana kiransa zuwan ruwa. Cibiyarsa baƙa ce, wato ɗan gurbin ruwan da ke saura a cikin kogi da rani. Sai farar kaba ta zagaye ta, yashi ke nan. Sai kore ya shigo da haƙora-haƙora, ruwa ya iso. Sai ja mai faɗi, tattasai a shanya. Daga nan sai baki, inda ta rufe shi. Bakin nan shi ne abin kallo. Na sha ganin mata suna juya shi a hannu suna neman inda ta tsaya, ba su gani. Ni da nake kwana ƙarƙashinsa ban taɓa dubansa da kyau ba. Abin gida ne, ina za shi?

Ranar da aka ce kowa ya bar ƙauye saboda masu bindiga, da hantsi ne. Na ɗauki tukunya, na ɗauki bokiti biyu na roba, na naɗe tabarmi, babanki ya ɗora ki a wuya. Muna ƙofa Iya ta ce, “Fanna, faifaina.” Na ce, “Iya, faifai za mu ci? Kwana nawa za mu yi mu dawo?” Sai ta bi bayanmu. Da maza suka samu komawa dubawa, ɗakin ya rufta, gara ta gama da abin da ke ciki. Bokitan nan kuwa ko shekara ba su yi ba suka tsage.

Ban zargi kaina da gudu ba, rai muke ceto. Abin da nake zargin kaina da shi ya zo daga baya. Shekara biyu Iya ta yi a Asaga, idonta ya yi rauni, hannunta na rawa, amma kanta garau. Sau da yawa takan ce, “Zo in faɗa miki yadda ake rufe bakin nan.” Ni kuwa ina layin ruwa, ina layin abinci, ina neman itace. Kullum amsata ɗaya: “Gobe, Iya.” Har ranar da aka ɗauke ta a makara. Yagana, kada ki ce wa tsoho gobe. Damagaram cike take da tsofaffi masu sana'a, marina da dukawa da masu zanen bango. In kin ga tsohuwa tana aikin hannu, ki durƙusa ki gaishe ta, ki zauna. In ta fara ba ki labari kada ki duba waya. Abin da ke cikin waya zai jira ki, ita ba za ta jira ba.

Tunda na ambaci waya, bari in zo kanta.

Bayan mun dawo cikin Difa, bayan rasuwar babanki, yayanki ya aiko miki da babbar waya daga Agadas. Tun daga ranar na rasa barcin rana. Ina ganinki a jikin katanga wajen turken akuya, inda rezo, wato sabis ɗin waya, ke kamawa, kin ƙura ido kan wasu mutane a cikin wayar da ke tsaye gaban taro suna magana da Faransanci, hotuna na canzawa a bayansu. Ban san abin da suke faɗa ba. Abin da na sani shi ne maganganun mata a wurin famfo, cewa waya ta lalata ƴar wance da ƴar wance. Sai na ɗauke ta na tura cikin buhun gero, kwana uku kina nema ina taya ki. Kin gane ni ce, domin da ta fito duk ƙaiƙayi ne a jikinta. Ba ki yi mini rashin kunya ba. Kin goge ta da gefen zane kika ce, “Inna, zo ki zauna ki gani. In kin ga abin kunya, da hannunki za ki jefa ta rijiya.”

Na zauna ina ɗaure da fuska, ƙarƙashin dogonyaro, bayan la'asar. Wata mace ce baƙa mai furfura, mai zanen atamfa. Ta nuna hoton bangon da ya tsattsage, sai ta nuna zanen da ta fitar daga cikinsa. Ta nuna albasa da aka raba biyu, sai ga ta a jikin riga. Kina tsayar da ita kina fassara mini. Kika ce wai ba ta taɓa fara aiki sai ta fita ta yi yawo tana kallo, ko da masu jiran aiki sun cika mata ƙofa. Kin tuna na tashi na shiga ɗaki na ce hayaƙi ne ya shiga mini ido, alhali ba a hura wuta ba. Iya na gani. Matar nan tana tsaye cikin fitilu, ɗaruruwan mutane na tafa mata, kan abin da uwata ta yi shekara da shekaru a bakin ruwa ina ce mata ɓata lokaci.

Na yanke wa abu hukunci ban gan shi ba. Ke kada ki yi haka, ko ga mutum ko ga sana'a. Amma kada ki ɗauka tsorona duka banza ne. Cikin wayar nan akwai masu koyarwa, akwai masu farauta. Wanda ya yaba zanenki ya ce ki turo hotonki, ba zane yake so ba. Ki nuna wa gwaggonki.

Daga ranar kin san yadda na koma. Ni ce mai tambaya, “Kin sa caji? Kuran zai tafi fa, yanzu za a ɗauke wutar.” Ni ce mai shimfiɗa tabarma tun ba a yi sallama daga sallar la'asar ba. Mun ga mai ƙera kujeru, mun ga mai zana harufa, mun ga wani tsoho da ke gina ɗakuna da laka irin tamu yana alfahari da ita. Kina fassara, ina ɓare gyaɗa ina gardama da su kamar suna jina. A rayuwata ban taɓa jin daɗin wani lokaci kamar wannan ba, gara in faɗa miki.

Sai na yi wani kuskuren, na zari. Akwai mutumin da ya nuna wani zane mai murabba'i, shuɗi da rawaya, ya shiga raina. Na sayo galura na rina kaba, na yi sati uku ina kwaikwayonsa a faifai. Na kai wa Madam Saratu ina taƙama. Ta juya shi, ta juya, ta ce, “Fanna, ɗinkin naki ne, ko cikin duhu na taɓa shi zan gane. Amma da a kasuwa na gan shi sai in ce daga Kwatano aka kawo. Na Difa fa, yana ina?” Na dawo raina a ɓace na faɗa miki. Kika yi dariya har kina riƙe ciki, kika ce, “Inna, ai mutumin cewa ya yi daɓen madafar kakarsa ne ya tuna. Kin kwaso madafar kakar wani kin kawo mana gida!” Na ji kunya, amma gaskiyarki. Shi ya koma gidan kakarsa ya samo nasa. Ni na tsallake tawa uwar na je na ɗauko nasa.

To ga abin da na lura da shi, ni da ban yi lakwal ba, makarantar boko. Duk waɗanda muka saurara, babu wanda ya ce a cikin waya ya samo abinsa. Wannan ya ce kasuwar garinsu, wannan ya ce rigar babansa, wannan ya ce bakin teku. Suna nuna miki yadda ake kallo ne, ba abin da za ki kalla ba. Kuma na lura da ke ma. Ranar da kika saurari ɗaya kika kife wayar, sai in ga kin ɗauki littafin zanenki kin cika shafi. Ranar da kika bi su biyar, shida, wannan na ƙarewa wannan na farawa, sai ki tashi da jan ido kina cewa ke ba ki iya komai ba, kowa ya fi ki. A can ba ni kusa da zan ce miki ya isa. Ki saurari ɗaya, ki kife ta, ki fita ƙofar gida ko da ta gwaggonki ce, ki ga abin da Allah Ya ajiye a wurin.

Yanzu saura wanda ya sa na ɗauki bik na fara rubutun nan tun farko. Na yi ta zagaye shi kwana huɗu.

Kin tuna a Asaga, kina da shekara tara, kin dawo daga lakwal kin tarar an yage shafi ɗaya a littafinki. Kin yi kuka har muryarki ta dushe. Na ce miki akuya ce ta cinye, kika ɗauki kara kika bi ta da duka. Yagana, ba akuya ba ce. Ni ce. An yi ruwa, itace ya jiƙe, wuta ta ƙi kamawa, ga Iya tana jiran kunu. Na buɗe littafinki ina neman takardar da ba ta da amfani. Lokacin ban san ko harafi ɗaya ba, amma na yi wa kaina dabara: shafin da ke da layukan rubutu karatu ne, ba zan taɓa ba, wanda ke da zagaye-zagaye kuwa wasan yara ne. Na samu ɗaya mai zagaye, na yaga, na hura wuta da shi. Da na ga kukanki sai tsoro ya kama ni, na ɗora wa dabbar da ba ta da baki.

Ban san abin da na ƙona ba sai bara. Muna zaune ƙarƙashin dogonyaro, an gama wani jawabi kan masu adana zanen kakanninsu, sai kika ce, kamar da wasa, “Da akuyar nan ba ta cinye zanen Kaka ba, da yanzu muna da bakin faifan. Ita ta riƙe hannuna muka zana shi, tun daga cibiya har inda ake rufewa.” Kika ci gaba da taɓa wayarki. Ni kuwa gyaɗar da ke hannuna ta zube. Ashe da na yi ta ce mata gobe, ta gaji da jirana ta kira ki. Ashe ta bar mana shi. Sau biyu tana miƙo mini abin nan, na bar ɗaya ga gara, na sa wa ɗaya wuta da hannuna, a kan kunun da ita za ta sha.

Shekara guda ina ɗauke da wannan. Sau nawa na buɗe baki sai in tambaye ki ko kin ci abinci. Ki yafe mini, ƴata. In ranki ya ɓaci, ya ɓaci, hakkinki ne, kada ki ɓoye mini don kina tausayina. Nasihar da ke cikin wannan gajeriya ce: in kin yi ɓarna ki faɗa a ranar. Kuma abin da ba ki iya karantawa ba, kada ki ce ba rubutu ba ne.

Yanzu kwance ƙunshin.

Wata biyar na yi ina ɗinka shi a ɓoye, in kin tafi lakwal, ina tura shi ƙarƙashin katifa in na ji motsinki. Ban sa galura ba. Jan na karan dafi ne, baƙin kuwa da laka da bagaruwa na yi shi kamar yadda Iya ke yi, sai koren ne kawai na saya don ban san nata ba. Ga cibiya, ga yashi, ga ruwa da haƙoransa, ga tattasai. Iyakar abin da idona ya riƙe ke nan. Daga nan na tsaya. Sau uku ina gwada rufe shi ina warwarewa, domin duk abin da na sa sai ya fito bakin faifan kasuwa. Za ki ga kabar tana reto, kada ki yanke. Na ɗaure miki sauran rinanniyar kaba a gefe, ki yayyafa mata ruwa kafin ki fara don kada ta karye. Basillar da ke soke a jiki ta Iya ce. Cikin kayan Iya ita kaɗai ta fito daga ƙauye, don a cikin ɗankwalinta take ranar da muka gudu.

Ke za ki rufe shi. In hannunki ya tuna abin da Kaka ta bi da shi a shafin da na ƙona, alhamdu lillahi. In bai tuna ba, kada ki takura kanki, kuma kada ki nema a waya, kin san mun nema tare ba mu samu ko mai kama da shi ba. Ki yi abin da matar nan mai furfura ta ce, wanda shi ne abin da Iya ta yi. An ce Damagaram akwai manyan duwatsu a tsakiyar gari, akwai tsofaffin gidaje masu zane a goshi. Ni ban taɓa gani ba. Ki je ki zauna, da rana, tare da ƴar gwaggonki, ba ke kaɗai ba. Abin da kika gani ki rufe da shi. Iya ta fara, ni na kai shi inda na iya, ba laifi in bakin ya zama naki.

Kada ki yi gaggawa, kada kuma ki rufe tuwo da shi. In kin gama kada ki turo hoto wayar maƙwabta a kira ni in gani. Faifai da hannu ake ganinsa. Ki kawo mini shi da kanki in an ba ku hutu.

Ni ina nan lafiya, kada ki sa damuwata a ranki. La'asar ce kawai take yi mini tsawo. Ƴar wayata ba ta nuna komai sai lambobi. Jiya na shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dogonyaro kafin in tuna, na zauna ni da akuya muna kallon juna. Sai na naɗe ta, na bi matan da ke zuwa garka har bakin Komadugu. Ruwa yana ta ƙaruwa. Suka wuce aikinsu, ni na samu wuri na zauna, na ɗora haɓa bisa gwiwa. Da suna dawowa wata ta ce, “Fanna, lafiya? Me kike nema a nan?” Na ce mata ban sani ba tukuna, yau na fara. Amma na ga haƙoran, Yagana. Suna nan a jikin yashi, yadda ta ce. Gobe ma zan koma, kuma wannan goben ta gaskiya ce.

Ki riƙe salla a kan lokacinta. Ki taya gwaggonki aiki tun ba ta ce ba. Ki riƙa shiga gidan sauro, kuma maganin nan yana cikin aljihun jakar na gefe, na faɗa karo na huɗu. Allah Ya tsare mini ke gaba da baya, Ya buɗe idonki, Ya sa albarka a hannunki. Allah Ya jiƙan Iya da babanki. Allah Ya dawo mini da ke lafiya, Ya sa ina da rai da ganin da zan juya faifan nan in nemi inda kika tsaya.

Wassalam.

Ni ce innarki,
Fanna